Kashshafar Yara a Sahafa: Abin da Na Gani, da Abin da Ban Yarda da Shi Ba

  

'Yan'uwa masallata, da ku ɗalibanmu na madrasa:

Tun da Allah Ya sa muka fara komowa gidajenmu a Sahafa, makarantu kuma suka fara buɗewa, akwai maganar da ta ƙi ƙarewa a ƙofar masallaci bayan Isha'i. Wasu samari sun farfaɗo da kashshafar ƙananan yara, wadda ake kira ashbal, a filin wata firamare ta unguwar nan. 'Yan'uwanmu na Najeriya 'yan sikawut suke ce musu. Yara ne 'yan shekara 7 zuwa 11. Duk ranar Asabar da safe za ka gan su sun ɗaura mandili a wuya suna sauri, wasunsu ko shayi ba su tsaya sha ba.

A dare ɗaya mutum biyu suka tare ni a kan wannan magana. Na farko magidanci ne mai ɗa ɗan shekara 9. Ya ce, "Allah gafarta Malam, yaron nan ya hana ni sakat. Kullum sai ya ce Baba a rubuta ni. Ni kuma ban san ko halal ba ne." Bai rufe baki ba wani dattijo daga cikin manyanmu ya karɓe, ya ce, "Liman, wane halal kuma? Aikin Nasara ne tun asali. Kuma mu da muka ga abin da kaki ya yi wa garin nan, mu ɗauki jikokinmu mu sa musu kaki da hannunmu?"

Na ce, "Baba Alhaji, a ba ni wata guda. Gani ya kori ji." Asabar huɗu a jere na je filin, na nemi inuwa na zauna, na kalli abin tun daga farko har aka tashi. Na yi hira da ƙa'idin da ke jagorantarsu da mataimakansa, na kuma karanta takardun da suke aiki da su. Hukuncina a taƙaice shi ne: ku bar yaranku su shiga, amma kada ku miƙa su ku juya baya. Akwai alheri na gaske a ciki, akwai kuma abubuwan da ban yarda da su ba. Ga su dalla-dalla.

Asalin abin

Baba Alhaji bai yi ƙarya ba. Wanda ya ƙirƙiro kashshafa hafsan sojan Ingila ne, Baden-Powell, kuma sojan mulkin mallaka ne sosai da sosai. Yana cikin rundunar da ta shiga Kumasi a 1896 ta kama Sarkin Asante Prempeh. Ya yi suna ne a yaƙin Afirka ta Kudu, inda aka tsare shi a garin Mafeking kwana 217, daga 1899 zuwa 1900. A watan Agusta 1907 ya tara yara kimanin 20 a tsibirin Brownsea a kudancin Ingila, ya gwada tsarinsa. A 1908 ya fitar da littafin da ƙungiyar ta ginu a kansa. Sashen ƙananan yara, wanda muke magana a kai, an kafa shi ne a 1916, aka ara masa sunaye da hikayoyi daga wani littafin tatsuniya na Kipling, marubucin Ingila, mai ba da labarin yaron da kyarketai suka rena a dajin Indiya. Shi ya sa a can ake kiran yaran 'ya'yan kyarkeci.

To mu kuwa su waye? Da yawanmu jikokin waɗanda suka baro ƙasar Sakkwato ne don kada su zauna a ƙarƙashin Nasara, bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zo ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Ga kuma Karari can arewa da Umdurman, inda Kitchener ya karkashe dubban mutane ranar 2 ga Satumba 1898. Wanda ya gaji wannan tarihi, in ya ji an ce sojan Ingila ne ya kawo abu, dole gabansa ya faɗi. Ban ga laifinsa ba.

Sai dai ɗalibanmu sun sani, a fiƙihu ba a yanke wa abu hukunci saboda hannun da ya fara ƙera shi. Abin da ke cikinsa ake dubawa, da inda yake kai mutum. Ganuwar ramin da aka haƙa a Madina ranar Handaƙ dabarar Farisawa ce, Salmanul Farisi ya kawo shawararta, Annabi (SAW) ya karɓa. Lasifikar da muke kiran salla da ita, da injin da ya buga wannan takardar da ke hannunku, ba kakanninmu suka ƙera su ba.

Kuma Musulmi sun daɗe da karɓar kashshafa suna juya ta yadda ta dace da su. Tun 1912 aka fara ta a Beirut a hannun Musulmi. Ƙungiyar Kashshafa ta Sudan ta shiga ƙungiyar ta duniya a 1956, shekarar da ƙasar nan ta sami 'yancin kai. Akwai haɗaɗɗiyar ƙungiyar kashshafa Musulmi mai hedikwata a Jidda. Duk wanda ya yi Hajji ya ga samarin nan masu mandili a Mina da Arfa, riƙe da taswira, suna mai da tsofaffin da suka ɓata zuwa tantunansu. Ko sunan ma an sauya. Larabawa da yawa ba su kira 'ya'yansu da kyarkeci ba, sai suka ce ashbal. Ku ɗaliban nahawu ku lura: jam'in shibl ne, wato ɗan zaki, jam'ut taksir a ma'aunin af'al, kamar yadda himl ke zama ahmal.

Saboda haka maganar asali ba ta isa ta haramta abin ba. Mu je ga abin da ake yi a filin.

Abin da ya burge ni

Na farko shi ne tsarin sudasi. Ana raba yaran shida-shida, kowane rukuni da shugabansa daga cikinsu. Shi zai ƙirga mutanensa, shi zai tabbatar kowa ya sami ruwa, shi za a tambaya in ɗaya ya makara. Wannan ya tuna mini da hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito a kan matafiya uku su naɗa ɗayansu shugaba. Mu muna karantar da hadisin, yara su haddace, a tambaye su a jarrabawa. Su kuwa samarin nan sun ɗora wa ɗan shekara 10 nauyin mutum biyar, sun bar shi ya ji yadda abin yake a kafaɗa.

A nan ne na ga abin da ya sa na sunkuyar da kai. Akwai wani yaro a ajina wanda na daɗe da yanke masa hukunci a zuciyata cewa ba shi da kai. Ahalari ya gagare shi, kullum yana bayan aji yana wasa da bakin rigarsa. Sai ga shi a filin nan shi ne shugaban sudasi. Na ga ƙaramin cikinsu ya faɗi ya goge gwiwa, kafin ƙa'idin ya juyo wannan yaron ya riga ya wanke ciwon, ya naɗe mandilinsa ya ɗaure masa, yana lallashinsa. Ashe yaron yana da kai, ni ne ban san ƙofar shigarsa ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Na biyu, abin da ake koya musu yana da amfani a Khartum ta yau, wadda muka dawo muka tarar. A Asabar ta biyu ƙa'idin ya baje hotunan harsasai da gurneti da kawunan roka waɗanda ba su fashe ba. Ya yi ta maimaita musu har suka haddace: kada ka taɓa, kada ka jefe shi da dutse, kada ka ɗauka ka kai wa mai sayen ƙarfe, ka koma ta hanyar da ka biyo, ka gaya wa babba. Kowa a unguwar nan ya san cewa tun daga ranar 15 ga Afrilu 2023, wadda ta zo daidai da 24 ga Ramadan, ƙasar da yaranmu ke buga ƙwallo a kanta ba ta koma yadda take ba. Ni liman ne, na yi huɗubobi da yawa tun dawowarmu, amma ban taɓa tara yara na nuna musu wannan ba.

A Asabar ta uku ruwan gishiri da sukari aka koya musu: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba mai gudawa kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti. Kowane sudasi sai da ya haɗa nasa. Wanda ya ga abin da kwalara ta yi a jihar Khartum a 2025, musamman a Umdurman, ba sai an gaya masa darajar wannan darasi ba. Rai nawa aka rasa a gidajen da akwai sukari, akwai gishiri, babu dai wanda ya san awon?

Na uku shi ne hidima. Ranar ƙarshe sun ɗebi shebur da buhuna sun yashe magudanar ruwan da ke gefen makarantar. Kun san yadda damina ke mai da titunan Sahafa tafki, da sauron da ke biyo baya. Wannan shi ne gayyar da kakanninmu suka sani, wadda maƙwabtanmu ke kira nafir, wadda muka ga amfaninta a ambaliyar 2020 lokacin da Nilu ya wuce alamar 1946 da ta 1988, muka kuma rayu a kanta a takiyyoyin da suka ciyar da mutane cikin yaƙi. Kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, kamar yadda ya tabbata a Sahihu Muslim. Yaran nan sun aikata shi da hannunsu, sun koma gida da laka har gwiwa suna dariya.

Kuma dariyar ma abin lura ce. Yaran nan sun shafe kusan shekara biyu babu makaranta, wasu a Gadarif, wasu a Kasala, wasu a Mai Wurno, wasu kuma suna nan cikin ɗaki suna jin ƙarar da babba ma ba ya jurewa. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya gargaɗi masu tarbiyya cewa yaron da aka hana wasa gaba ɗaya basirarsa takan dakushe, har ya tsani karatun. Mu malaman madrasa mun karanta wannan, amma ba mu cika aiki da shi ba.

Abin da ban yarda da shi ba

Babban abin da ya tayar mini da hankali shi ne fareti. A Asabar ta farko kusan rabin lokacin a kansa ya tafi: hagu, dama, tsaya, juya. Wannan da sauƙi. Amma ɗaya daga cikin mataimakan, saurayi mai zafin jini, sai ya sa yaran suka saɓa sandunansu a kafaɗa kamar bindiga, ya fara ja musu irin jalalat ɗin da ake rerawa a sansanin soja, su kuma suna amsawa da iya ƙarfinsu. Na dubi fuskokinsu, na ga daɗin da suke ji, jikina ya yi sanyi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. To a ranar na ga ba tsumma Baba Alhaji ya gani ba.

Bayan an tashi na kira saurayin gefe. Na ce, "Ɗana, sandar kashshafa me aka yi ta don shi?" Ya ce don auna zurfin ruwa kafin a tsallaka, da haɗa makarar ɗaukar majinyaci in an zura sanduna biyu a cikin riguna. Na ce, "To ka ga ka sani. Me ya kai ta kafaɗa?" Ya yi shiru, sannan ya ce yaran ne ke so. Na ce ai yaro yana son wasa da wuta ma.

Hujjata a nan a bayyane take. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya gabatar da kansa ranar Uhudu yana ɗan shekara 14, Annabi (SAW) ya mai da shi gida, a ranar da Musulmi suke matuƙar buƙatar mutane. Sai ranar Handaƙ, yana da 15, aka karɓe shi. Halifa Umar ɗan Abdul'aziz ya ɗauki wannan a matsayin iyaka tsakanin yaro da babba. In ɗan 14 aka mayar, ina ga ɗan 8? Ko ita kanta kashshafar, tsarin mulkinta na duniya ya bayyana ta a matsayin ƙungiyar tarbiyya ta sa-kai wadda ba ruwanta da siyasa. Duk ranar da kuka ga ana rera wa yaranku waƙar wani ɓangare, ko ana kwasarsu zuwa taron tarbar wani babba su tsaya a rana suna tafi, to an fita daga kashshafa, sunan kawai ya rage. Ku janye ɗanku, babu kunya a ciki. A gaskiya, a Asabar ukun da suka biyo ban sake ganin sanda a kafaɗa ba. Ko don idona ne, ko don sun gamsu, Allah ne Masani. Shi ya sa nake cewa idon iyaye kada ya bar filin.

Na biyu, kayan sawa. Riga, wando, hula, mandili, bajoji. Na tambayi kuɗinsu, na auna da kuɗin burodin gida na kwanaki, na san akwai magidanta a sahunmu na farko da ba za su iya ba. Mutumin da ya dawo ya tarar an kwashe masa gida har ƙofa da wayar lantarki, za ka ce masa ya sayi hula? Kowace Asabar akwai yaran da ke maƙale a jikin katanga suna leƙe. Na tambayi ɗayansu me ya hana shi shiga, ya ce, "Ya Shehu, ba ni da riga." Ƙa'idin ya rantse mini bai taɓa korar kowa saboda riga ba, kuma na gaskata shi. Amma yaro ba sai an kore shi da baki ba. In ya ga kowa da kaki shi da jallabiyar da ta koɗe, da kansa zai tsaya a waje. Asalin hikimar kaya iri ɗaya ita ce kada a gane ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. In ta koma ita ce ke raba su, an yi ba a yi ba. Mandili kaɗai ya wadatar a wannan hali da muke ciki, kuma yadi guda zai fitar da na yara da yawa.

Na uku, salla da lokacin karatu. A Asabar ta uku sun zarce har Azahar. Aka kira salla a masallacinmu, suna ji, wasa bai tsaya ba sai bayan kusan rabin awa, sannan aka sallame su kowa ya kama gabansa. Abin mamaki, alkawarin da yaron ke ɗauka ranar shigarsa da haƙƙin Allah yake farawa. Wane darasi ne zai zauna masa, wanda ya furta da baki sau ɗaya, ko wanda ya gani a aikace ana kiran salla babu wanda ya motsa? An umarce mu mu fara sa yara salla suna da shekara 7, daidai shekarun shiga ashbal ke nan. Na kuma ji ana shawarar ƙara rana ta biyu a mako, bayan La'asar. Wannan lokacin madrasa ne, kuma ba za mu sallama shi ba. Yaran nan sun yi asarar karatun shekara biyu, wasu sun manta izun da suka haddace.

Na huɗu, kuma wannan a ji shi da kunnen basira: mu'askar, wato fita a kwana a waje. Suna shirin kai yaran kwana biyu idan hutu ya zo. Na tambaya wa zai kwana da su, nawa ne manya, yaya za a raba shimfiɗa. Amsar da na samu ita ce, "Ai duk mun san juna, Maulana." Wannan ba amsa ba ce. Ban zargi samarin nan da komai ba, ban ga wani abin zargi a tare da su ba. Amma shari'a ba ta jira sai an yi zargi kafin ta sa shinge. Hadisin da ya yi umarni da salla a shekara 7 shi ne kuma ya yi umarni a raba wa yara wurin kwana a shekara 10, alhali 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ake nufi, a cikin gidan ubansu. A Amurka, ƙungiyar sikawut ta ƙasar ta je kotu a 2020 ta bayyana karyewar arzikinta saboda ƙararraki, mutum fiye da 80,000 suka fito suka ce an ci zarafinsu suna yara a cikinta. Su ma can cewa suke yi duk sun san juna. Kuma kada wani ya ce wannan halin Turawa ne. Duk inda aka tara yara a hannun babba, babu ido na biyu, haɗarin yana nan, ko filin kashshafa ne, ko halwa, ko madrasarmu wannan. Ƙa'idar da nake nema a wurinsu, ni ma na ɗora wa kaina da malamanmu: babba ɗaya kada ya keɓe da yaro ɗaya a inda ba a ganinsu.

Saura ƙananan abubuwa biyu da aka tambaye ni. Gaisuwa da hannun hagu al'ada ce ta kashshafa a ƙasashe da yawa, kuma na ga yaran suna yi. Mu dai mun san Annabi (SAW) yana son farawa da dama a al'amuransa, kamar yadda Nana A'isha ta ba da labari, kuma a tarbiyyar Bahaushe miƙa wa babba hagu rashin kunya ne. Su bar ta, babu abin da zai ragu. Sai maganar alkawari, wanda wasu suka ce rantsuwa ce da wanin Allah. Na duba lafazin. Fi'ilin da aka yi amfani da shi na wa'adi ne, daga wa'ada, ba daga aƙsama ko halafa ba. A lafazin manyan kashshafa ne ake ambaton sharaf tare da harafin ba'un, kuma ɗalibanmu sun san ba'un tana da ma'anoni da dama, ba kullum take zama ta rantsuwa ba. Duk da haka, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bar kalmar, ya yi alkawarinsa kawai. Abin da na ji ƙananan suna faɗa babu wannan kalma a ciki.

To me za mu yi?

Ya kai uba, kafin ka rubuta ɗanka, ka je da ƙafarka. Ka san ƙa'idin, ka san gidansu, ka tambaya ko rukunin yana da rajista da Ƙungiyar Kashshafa ta Sudan, ko shi kansa ya sami horo. A wannan zamani kowa na iya sayen mandili da usur ya tara yara. Ka ce a nuna maka shirin wata. In aka zo maganar mu'askar, kada ka sa hannu sai ka san wurin, ka san an duba shi an tabbatar babu ragowar makamai, ka san adadin manya, kuma a ce akwai iyaye biyu ko uku da za su kwana a can. Idan yaron ya dawo ranar Asabar, ka tambaye shi, "Me ka koyo yau? Nuna mini." In wata biyu suka wuce babu abin da zai nuna sai hagu-dama, to ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

'Ya'ya mata kuma fa? Suna da nasu sashen, zahrat, a ƙarƙashin murshidat. Yarinya ma tana taka ƙasar nan, ita ce ma aka fi bari da ƙanne a gida. Sanin haɗa ruwan gishiri da sukari, da gane abin fashewa, ta fi kowa buƙatarsa. In an sami mata amintattu da za su jagorance su, a wurinsu daban, da suturarsu, ban ga abin hanawa ba. Ina roƙon malamanmu mata su duba wannan.

Ga kwamitin masallaci kuma ina da shawara uku, zan gabatar da su a zama mai zuwa. Mu sayi yadi a ɗinka mandili ga duk yaron da ke jikin katangar nan, mu roƙi ƙa'idin ya karɓe su da kayan jikinsu. Mu sa dattijo ɗaya ko biyu su riƙa zama a filin kowace Asabar bi da bi, kuma ina fata Baba Alhaji zai zama na farko, don wanda ya fi kowa tsoron abu shi ya fi kowa iya gadinsa. Sannan mu buɗe musu harabar masallaci, su riƙa rufe taronsu da alwala da sallar Azahar cikin jam'i, shugabannin sudasi su tsara sahu. Su kuma mu roƙe su su zo madrasa sau ɗaya a wata su koya wa dukan ɗalibanmu agajin farko, har da waɗanda ba su shiga ba, har da mu malamai.

Ku kuma ɗalibai, waɗanda suka shiga da masu shirin shiga, ku ji da kyau. Mandilin da ke wuyanku ba ado ba ne. Wanda ya yashe magudanar makaranta ranar Asabar, ya dawo gida uwarsa ta aike shi ɗebo ruwa ya ɓata rai, bai fahimci komai ba. Wanda ya iya ɗaurin igiya iri biyar amma ya zo madrasa bai yi muraja'a ba, ni da shi ne. Kuma in wani babba, ko wane ne shi, ko a fili ko a madrasa, ya ce ku zo ku kaɗai, ko ya ce ku ɓoye wa iyayenku wani abu, ku gaya wa iyayenku a ranar. Ba tsegumi ba ne, ba kuma rashin ladabi ba ne.

Shi kuwa magidancin da ya fara tambayata, na ba shi amsa ranar Juma'ar da ta wuce. Na ce ya rubuta yaron, amma Asabar ta farko tare za su tafi, ya zauna har a tashi. Ya ce, "Allah gafarta Malam, Asabar fa ranar kasuwa ce." Na ce na sani. Kasuwar ba za ta gudu ba, shekarun yaron ne ke gudu.

Abin da na dace a cikin wannan daga Allah ne, abin da na kuskure daga gare ni ne, kuma ƙofata a buɗe take ga wanda ke da gyara, musamman su samarin da na yi magana a kansu, waɗanda ke ba da Asabar ɗinsu kyauta a lokacin da kowa ke ta kansa. Allah Ya saka musu da alheri, Ya shiryar mana da zuriya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya dawo da waɗanda ke gudun hijira gidajensu lafiya, Ya zaunar da Sudan da sauran ƙasashen Musulmi lafiya. Allah ne Mafi sani.